Shirin Kwana Uku a Bakin Teku

Ina godiya ga kwamitin wannan mujalla da suka ba ni fili a bana. Sun ce in rubuta abin da na ga dama, muddin dai zai amfani ɗalibai da malamai da iyaye. To, ni abin da ya fi tsaya mini a rai a 'yan watannin nan shi ne wata tafiya da nake shirya mana da iyalina zuwa Badagiri, wani gari na bakin teku a Jihar Legas, mu yi kwana uku ba mu aikin komai. Na san wani zai yi dariya ya ce, zaman banza ma har sai an yi masa shiri? Ku biyo ni a hankali ku ji.

Mu mutanen Tafashiya da kewaye, daga Kankiya har Kusada, ba baƙin hanya ba ne. Iyayenmu sun yi cin rani, wasu sun yi fatauci har Kurmi. Muna zuwa biki, muna zuwa gaisuwar rasuwa, muna kai marar lafiya Katsina ko Kano, muna zuwa taron ikkilisiya. Amma kowace tafiya a cikin waɗannan da buƙata a gabanta. In ka ce wa mutum za ka yi tafiya, abin da zai fara tambaya shi ne, "Lafiya?" In ka ce lafiya lau, hutawa kawai za ka je yi, sai ya dube ka kamar ka samu kuɗin tsintuwa.

Dalilina na farko uwargidana ce. Shekararmu 19 da aure, ban taɓa ganin rana ta riga ta tashi ba. In makaranta ta ba da hutu ni na huta da alli, ita kuwa aikinta ƙaruwa yake yi, domin yara sun dawo, baƙi sun zo, ga surfe, ga sussuka, ga awaki. A bara da ta je awo aka ce jininta ya fara hawa, aka ba ta magani, aka ce ta riƙa hutawa. Ta dawo gida ta ɗora tukunya. Macen da ke cikin gidanta ba ta iya hutawa ko ta so, domin idonta na ganin aiki. Sai an kai ta inda babu tsintsiyar da ta sani.

Dalili na biyu nawa ne. Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa. Ina zana Tekun Atilantika a allo, ina bayanin yadda ruwanta ke cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya saboda jan da wata ke yi masa. Amma sau ɗaya na taɓa ganinta, lokacin da aka tura mu wani kwas a Legas, shi ma tsayuwar rabin awa ce direba yana ta danna mana oda. 'Ya'yana kuwa babban ruwan da suka sani shi ne madatsar Zobe ta Dutsin-ma. Ina so 'yarmu ta aji uku da autanmu su tsaya inda ido ba ya hango ƙetare. Gani ya kori ji.

Da na kai wa Yayana maganar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka lissafa buhun taki nawa ke cikin kuɗin nan?" Na ce, "Na lissafa, Yaya." Ya ce, "To, in damina ta faɗi, ruwan tekun za ka zuba wa masara?" Maganarsa gaskiya ce, ban kuwa raina ta ba. A gidan manomi kowace naira da inda ake jiranta. Abin da na ce masa shi ne, shanun huɗa ma yana kwance su in rana ta take, ba don ya ƙi aiki ba, sai don yana so su kai shi wata damina. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce in kawo masa kwakwa. A wurin Yaya wannan izini ne.

Saboda maganar tasa na kafa wa kaina doka uku a kan kuɗi. Ba zan ci bashi ba. Ba zan taɓa kuɗin makarantar yara ba. Ba zan taɓa kuɗin taki ba. Tun watan Fabrairu na shiga adashi da abokan aiki, na roƙa a ba ni kwasar ƙarshe. Uwargida ta ware ɗan akuya guda, ni kuma na ware buhu biyu na wake. Abin da ya taru na raba shi kashi huɗu: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin masauki, kuɗin abinci da shiga wurare, sai na huɗu wanda ba za a taɓa ba sai in wani abu ya faru a hanya. Kuɗin mota shi ya fi cin rabo, ga shi kuma ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa ban rubuta adadi a nan ba. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya je tasha da kansa ya tambaya ana saura mako biyu. Yawancin kuɗin a banki za su zauna, kati kawai zan riƙe da 'yan canji. Tsaraba kuwa na riga na faɗa wa kowa, kwakwa ce, ɗaya ɗaya. Tsaraba ta sha karya matafiyi fiye da kuɗin mota.

Sai zaɓen lokaci. Ruwan da ake yi a Legas a shekara ya ninka namu sau biyu ko fiye. Damina can tana kankama daga Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake samun sarari. Wannan ya yi daidai da namu lissafin, domin a lokacin an yanke dawa, an roro wake, an kai amfani rumbu. Babban hutun Agusta bai yi mana ba, gona na jira. Kafin Kirsimeti kuma kuɗin motar kudu tashi yake yi, domin kowa na tafiya gida. Ranar Kirsimeti da kashegarinta da ranar sabuwar shekara bakin teku cika yake yi maƙil da kiɗa da hayaniya. Saboda haka za mu yi bukukuwanmu a gida, mu tashi ranar 2 ga Janairu, mu dawo kafin a koma makaranta. Kwana biyu zuwa, kwana uku zama, kwana biyu dawowa.

Hanyar ba gajera ba ce, ta haura kilomita 1,000. Daga gida za mu fito Kankiya, mu bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bici mu shiga Kano. Daga nan Zariya, Kaduna, Abuja, inda za mu kwana gidan wani ɗan'uwa. Kashegari da asuba mu bi ta Lakwaja da Okene, mu ratsa ƙasar Yarbawa zuwa Badun, mu shiga Legas da dare. Akwai manyan bas-bas masu tashi daga Sabon Gari a Kano su kwana suna tafiya, amma da mace da yara na zaɓi tafiyar rana, ko da za ta fi tsada. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. A Legas za mu kwana a Agege wurin ƙanen uwargida, da safe mu nemi Mil 2 mu hau motar Badagiri. Nisan wajen kilomita 60 ne yamma da birnin, kusa da iyakar Jamhuriyar Binin, amma cunkoson motoci na iya mai da shi tafiyar awa uku.

In tsawon hanyar ya tsorata ni, sai in tuna da Kyaftin Kilafatan, Baturen Birtaniya, da yaronsa Landa. Daga Badagirin nan suka taso a watan Disamba 1825, ba su iso Kano ba sai Yuli 1826, fiye da wata bakwai ke nan. Kilafatan ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827. Abin da ya ci musu wata bakwai mu kwana biyu zai ci mana. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya daga Illela ta Jihar Sakkwato zuwa Badagiri. Watakila ku ɗalibai ita za ku bi da naku iyalin.

Me ya sa Badagiri, ba cikin Legas ba? Dattawanmu da suka yi cin rani a Ikko suna ba da labarin Babic, inda kowa ke zuwa kallon teku kyauta. Wannan wuri yanzu babu shi, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa a kai. Yawancin gaɓar da ta rage a birnin sai ka biya kuɗi mai yawa a ƙofa. Badagiri kuwa ƙaramin gari ne, rayuwa ba ta gudu kamar ta Legas. Mutanen garin Egun ne da Yarbawa, sarkinsu ana ce masa Akaran, sana'arsu su da noman kwakwa da ciniki. Garin yana zaune a bakin wani dogon tafki mai kwanciyar ruwa, bayan tafkin akwai siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwa, bayan tudun kuma sai teku. Akwai Hausawa 'yan kasuwa a can kamar yadda suke a kowane gari na kan iyaka, saboda haka ba za mu rasa mai shayi ko mai tsire da za mu tambaya hanya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Game da masauki, na roƙi surukina ya je ya gani da idonsa, domin hoton da ake sawa a intanet ba ya nuna sauro. Tambayoyin da na ba shi su ne: akwai ruwa a famfo? Ana kunna janareto da dare? Tagogi na da raga? Ƙofa na kulluwa da kyau? Ana iya takawa a ƙafa zuwa inda ake sayar da abinci? Ba ma neman otal mai tsada. Ɗaki biyu masu tsabta sun ishe mu.

Yanzu ga yadda na raba kwanakin. Doka ɗaya ce ke bisa kansu, wato abu ɗaya a rana. Na ga masu zuwa yawon buɗe ido suna rubuta wuri goma a takarda, suna gudu daga wannan zuwa wancan suna ɗaukar hoto, su koma gida sun fi gajiya. Mu ba za mu yi haka ba.

Ranar farko ranar sauka ce. Mu yi wanka, mu ci abinci, mu yi barci. In la'asar ta yi sanyi mu taka zuwa bakin tafki mu zauna mu kalli masunta suna dawowa da kwalekwale. Shi ke nan. Na gaya wa uwargida ko kofi ba za ta wanke ba.

Rana ta biyu ta tarihi ce, da safe kawai. Badagiri na cikin tashoshin da aka yi cinikin bayi zuwa ƙasashen Amurka shekaru aru-aru. Akwai gidan tarihi a wani gini na 1863, da gidan Seriki Abass wanda ya rasu a 1919, inda ake nuna ƙananan ɗakunan da aka tsare mutane, da sarƙoƙi da mari. Ku lura da sunan Seriki, kalmarmu ce ta sarki ta je can ta sauya kama. Daga bakin tafki ana haye ruwa zuwa tsibirin Geberefu, a taka cikin rairayi har gaɓar teku, inda ake kira wurin da ba a dawowa. Na daɗe ina tunani ko ya dace a kai yara irin wannan wuri a lokacin hutu. Na yanke cewa ya dace, domin labarin ya shafe mu. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa ta Yammacin Afirka akwai Hausawa da yawa, har tarihin Birazil ya rubuta tawayen da bayi Hausawa suka yi a Bahiya a 1807 da 1814. A Legas ma, rundunar da Gwamna Gulba ya fara haɗawa a 1863, da Hausawan da suka kuɓuta daga bauta ya haɗa ta. Wa ya sani ko wani daga cikinsu ɗan ƙasar Katsina ne da aka kama a gona?

A cikin garin kuma akwai wurare biyu da 'yan'uwa a ikkilisiya za su so gani. Na ɗaya shi ne inda itacen Agiya ya tsaya, wanda a ƙarƙashinsa Tomas Firiman ya yi wa'azi a watan Satumba 1842, kuma shi da Henri Taunsen suka yi Kirsimeti a wannan shekara. Itacen ya faɗi a 1959, an kafa alama a gurbinsa. Na biyu shi ne gidan mishan da aka gama a 1845, inda Samuila Ajayi Kurauda ya zauna, wanda shi kansa an kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi, ya zama bishop a 1864. Masu jagora suna kiran gidan bene na farko a Nijeriya. In sun faɗi haka zan yi shiru saboda ladabin baƙunta, amma na riga na gaya wa yara cewa Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Bene na farko irin ginin Turawa, wannan mun yarda.

Rana ta uku ta teku ce, daga hantsi har faɗuwar rana. Akwai gaɓar da ake kira Suntan a kan hanyar Seme, inda ake hayar 'yar bukka ta ganyen kwakwa a wuni a ciki. Za mu tafi da tabarma da ruwan sha. Ba ni da wani tsari na wannan rana. Mai son barci ya yi, mai son tsintar kwanson kifi ya tsinta. Ni dai zan kafa kara a rairayi daidai inda ruwa ya tsaya da safe, mu duba da yara bayan awa shida mu ga inda ya koma. Darasin da na yi ta zanawa a allo ke nan.

A nan dole in ja kunne, musamman ga samarin da suke taƙama sun iya iyo a kududdufi da rafi. Teku ba rafi ba ce. Gaɓar Legas tana da raƙuman ruwa masu ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan da ya bugi gaɓa ke komawa ciki da gudu ta wata siririyar hanya. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, alhali shi ya fi ja. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya zai yi. Masana sun ce a yi iyo a gicciye, a bi tsawon gaɓa har a fita daga jan. Amma iya ruwa fid da kai, mu dokarmu ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, kada yaro ya shiga sai babba na riƙe da shi, kada kuma a juya wa teku baya. Kwalekwalen da babu rigar ceto a ciki ba za mu hau ba, ko da hayin na minti biyar ne. Ruwan teku kuma ba a sha, a kowace lita akwai gishiri wajen giram 35. Mai faso a ƙafa saboda hunturu ya shirya jin zafi a taku na farko.

Sauran guzuri kaɗan ne. Za mu bar gida cikin sanyi da hazo, mu sauka inda iska ke da laima, gumi ba ya bushewa, saboda haka rigunan sanyi na hanya ne kawai, can sai tufafi marasa nauyi. Gidan sauro biyu, maganin uwargida na kwana goma ko da tafiyar ta bakwai ce, katin shaida na kowa, lambobin waya a rubuce a takarda a aljihun kowane yaro. Abinci kuwa mun shirya cin na garin, kifi ɗanye da aka kama a ranar, da teba, da ruwan ɗanyar kwakwa. Amma na san cikin ɗan Arewa, saboda haka akwai ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu a jaka. Miyarsu da barkono, a fara da kaɗan. Kafin a ɗauki hoton mutum ko wurin al'adarsu a nemi izini, kafin a hau abin hawa a yi ciniki. In aka yi mana maganar da ba mu so, baƙo raɓa ne, mu wuce.

Waya ita ce ta ƙarshe. Na yi alkawari zan kunna tawa sau biyu a rana, da safe in gaida Inna, da dare in ji lafiyar gida da dabbobi wurin Yaya. In ba haka ba, jikinka na Badagiri, hankalinka na Tafashiya, ka yi asarar kuɗin mota.

Ya ku ɗalibai, ban rubuta wannan don ku je ku tasa iyayenku gaba sai sun kai ku teku ba. Yawancin gidajenmu ba su da halin haka, ni ma sai da na yi kusan shekara ina tari. Abin da nake so ku ɗauka shi ne ku dubi mai yi muku wahala a gida, ku tambayi kanku yaushe rabonta da wuni guda ba ta hura wuta ba. In Badagiri ta yi nisa, Katsina ba ta yi ba, a je a ga Gobarau da Kusugu ta Daura a dawo. In wannan ma bai samu ba, a wannan hutun ku karɓi girki da ɗiban ruwa na kwana uku, ku shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ku kuma abokan aikina malamai, adashin badi yana buɗe, mai so ya yi magana.

In Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya, kwamiti kuma suka sake ba ni fili, zan ba ku labarin abin da karan nan ya nuna. Ku sa mu a addu'a saboda hanya. Allah ya ba mu hutu lafiya, amin.